Ba ka cin nama, amma kitse ya yi yawa a jininka?

A Kano akwai masu yawa da suka bar nama, wasu don tsada, wasu don shawarar likita, sai ga gwaji ya nuna kwalastarol ɗinsu, wato wani nau'in kitse da ke cikin jini, ya hau. Abin ba mamaki ba ne. Hanta ce ke samar da mafi yawan kwalastarol na jiki, kuma abin da ke sa ya taru a jini shi ne irin man da ake ci.

Manja ba shi da kwalastarol ko kaɗan, amma kusan rabinsa mai daskarewa ne: babban cokali ɗaya na ɗauke da kimanin giram 7. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada irin wannan mai ya wuce kashi 10 cikin 100 na kuzarin abincin yini, wato wajen giram 22 ga babban mutum. Cokali uku a garau-garau ko ɗanwake, an kai iyaka ke nan, tun ba a zuba man shanu a tuwon dare ba. Man da aka maimaita suyar awara da ƙosai da shi har ya yi baƙi, shi ma ya lalace, a zubar.

Ɗaya kitsen, tiragilisarayid, sukari da sitaci ne ke ɗaga shi. Wanda ya bar nama yakan cike gurbin da burodi, gurasa, farar shinkafa da shayi mai sukari cokali huɗu, hanta kuma ta mayar da rarar kitse. Nan ne aka fi yin sakaci, a ganina.

A je gwajin kitsen jini bayan awa 9 zuwa 12 ba a ci komai ba sai ruwa. Ana so jimillar kwalastarol ta zauna ƙasa da 5.2 mmol/L, tiragilisarayid ƙasa da 1.7. Idan LDL, wato nau'in kwalastarol mai toshe jijiya, ya kai 4.9, a yi zargin gado, a gwada 'yan'uwa, a kuma duba suga, ƙoda da tayrod, wato ƙullun gaban wuya da kan kumbura ya zama maƙoƙo. Irin wannan, gyaran abinci kaɗai ba ya sauke shi, sai likita ya rubuta magani irin su atorvastatin.

A gida kuwa, a koma man gyaɗa ana aunawa da cokali, a yawaita wake dafaffe, miyar kuɓewa da zogale, a yi tafiyar ƙafa minti 30 sau biyar a mako, sannan a maimaita gwajin bayan wata uku.