Kwana biyu a Maraɗi saboda bawul ɗaya

Shekaranjiya na dawo daga Maraɗi, har yanzu baƙin mai bai gama fita daga faratana ba. Kayan ɗakin 'yar yayata na kai, wadda aka aurar a unguwar Zariya ta can, ni da ƙanena, a cikin a-kori-kurata Ford Ranger 'yar Amurka mai injin fetur 2.3. Daga Kano zuwa Katsina har Jibiya babu abin faɗa.

Bayan mun tsallaka iyaka ne wani mai kaki ya tsare mu a shinge. Takardunmu cikakku, amma ya sa muka sauke gado da katifa da kwalayen kwanuka a tsakiyar rana, yana ta yi mana Faransanci, alhali da kunnena na ji shi yana Hausa da mai shayi. Fiye da awa guda muka yi. Kayan amarya a kan rairayi, mutane na wucewa suna kallo. Abin ya tsaya min a rai.

Muna wuce Ɗan Isa ƙaurin mai ya cika motar. Na buɗe bonet, na ga sandar auna mai ta tuɗo sama da kanta, mai kuma yana tsiyaya ta gefen murfin inji. Dama a Kano wani makanike ya taɓa ce min ringi ne, wato zoben da ke jikin fistin, sai an sauke inji, ya yanka kuɗin da ya sa na yi shiru. A hankali muka lallaɓa har cikin gari.

Surukinmu ya kai ni wajen wani dattijo mai gareji a ƙarƙashin darbejiya. Bai taɓa sifana ba tukuna, wadda su suke kira kile. Ya sa na tayar da mota, ya kwance murfin zuba mai ya ɗora tafin hannu a bakin. Ya ce, "Alhaji, taho ka ji. Inji mai lahiya yana ɗan jan hannu ciki. Naka turowa yakai." Ya yi min bayani yadda ban taɓa ji ba. Ko ringi sabo ne, hayaƙi kaɗan yana sulalewa ta gefen fistin ya sauka inda mai yake. Akwai ɗan bawul da ake kira PCV, da sifirin a cikinsa, shi ke mayar da hayaƙin cikin manifol, wato bututun da iska ke bi ta shiga inji, inji ya sake ƙona shi. In datti ya toshe shi, iskar ba ta da mafita, sai ta nemi gaskit da sil ta huda, ta turo mai waje.

Na ce, "To Baba, ina bawul ɗin yake?" Nan ne aikin. A yawancin motoci yana saman murfin inji, ka miƙa hannu ka zare. A wannan injin an ɓoye shi a ƙarƙashin manifol, jikin inji ta ɓangaren hagu, ko da tocila ba ka hango shi daga sama. Hanya biyu ce, in ji shi: a kwance manifol gaba ɗaya da wayoyi da tiyo, ko a shiga ta wajen taya. Ya zaɓi ta biyu. Aka ɗaga mota da jak, aka sa kututture, aka cire tayar gaba ta hagu da robar cikin madigadi. Yaronsa, wanda bai wuce shekara 15 ba, ya zura siririn hannu har kafaɗa, kuncinsa manne da ƙarfe, idonsa a rufe, yana laluben maƙalin tiyo. Tiyon ya bushe kamar ƙirgi, ana taɓawa ya tsage. Sun fi minti 40 kafin bawul ɗin ya fito, bai wuce babban yatsa ba. Baba ya girgiza shi a kunnena, shiru. Ya ce mai lafiya ƙas-ƙas yake yi.

Samun wani ne ya kwanar da mu. A Ƙofar Ruwa da na san inda zan nufa, amma nan sai da safe yaron ya zagaya da ni wajen masu kayan gwanjo, muka same shi a jikin injin Mazda, don asalin injin nata ne. Mai kayan ya ce "ɗari takwas", na ɗauka araha ce ta faɗo, ashe da dala suke lissafi, dala ɗaya sefa 5, wato jaka huɗu kenan. Muka daidaita a uku. In ka juya sefa zuwa naira a yanzu, komai na Maraɗi tsada yake yi wa Bakano, har ruwan leda. Amma gaskiyar ciniki na yaba musu: ya faɗi aibin kayansa tun ban tambaya ba.

Baba ya shafa ɗan mai a bakin bawul, yaro ya tura shi har ya zauna, aka sa sabon tiyo, aka yi juyen mai. Ya sake ɗora hannuna a bakin murfi, na ji yana ja. Na tambayi kuɗin aiki, ya ce baƙon aure ne ni, in sallami yaro kawai. Da ƙyar ya karɓi jaka biyu, kuma sai da ya sa aka kawo mana fura da kwaɗon zogale daga gidansa. Ban san rabon da in ga irin wannan a gareji ba.

Amarya ta tare lafiya. Na sayi aya da kilishi na tsaraba. A dawowa na tsaya sau uku, Ɗan Isa da Jibiya da Katsina, ina duba ƙarƙashin mota, ƙasa a bushe.