Abin da Mutuwar Fuju'a ta Koya Mini a Aikin Ɗan Sanda

Lokacin da aka mayar da ni sashen bincike ina da muƙamin kofur, na ɗauka cewa aikin ɗan sanda a gidan mutuwa bai wuce ya tabbatar babu jini ko makami ba, ya yi ta'aziyya ya koma caji ofis. Haka na yi a mutuwar fuju'a ta farko da aka tura ni. Na tarar an riga an yi wa mamacin wanka, an share ɗakin, makara tana jingine a zaure, iyalansa kuma suka je kotu suka yi takardar rantsuwa cewa ba sa zargin kowa, aka yi jana'iza kafin azahar. Bayan mako biyu ƙanensa ya dawo daga tafiya yana cewa kashe shi aka yi, ni kuwa ba ni da layi ɗaya a littafina da zai gaskata shi ko ya ƙaryata shi. Har yau wannan magana tana raba wancan gida.

A dokarmu, duk mutuwar da ta zo kwatsam ba a san dalilinta ba, ko ta hanyar tashin hankali, ko a hannun hukuma, ana kai rahotonta ga alƙalin binciken mutuwa, wanda a ofis muke kira korona, kuma galibi majistare ne ke riƙe da wannan matsayi. Ɗan sanda yana cike Fom B ya sanar da shi, shi kuma ya ba da Fom C idan ya ga ya kamata likita ya binciki gawa, likita ya rubuta sakamako a Fom D. Alƙalin ba ya yanke wa kowa hukuncin laifi a wannan zama. Abin da yake nema shi ne wane ne ya rasu, a ina, yaushe, kuma ta yaya. Na daɗe kafin na fahimci cewa shi da likita dukansu da idona suke ganin ɗakin, domin babu ɗayansu da ya taka ƙafarsa wurin.

Wani saje dattijo ne ya koya mini tsayawa a bakin ƙofa kafin in shiga. Yakan ce in fara rubuta lokacin da na iso, da wanda ya fara ganin gawar, da wanda ya taɓa ta, sannan in duba ko taga a rufe take, da abin da ke cikin kwanon abinci, da kwalin maganin da ke gefen katifa. Shi ne ya nuna mini yadda sandarewa ke farawa daga muƙamuƙi da wuya bayan 'yan sa'o'i, da yadda jini ke taruwa a ɓangaren jikin da ke ƙasa, ta yadda idan aka tarar da mutum a rigingine amma tabon yana ƙirjinsa, to an juya shi bayan rasuwarsa.

Wannan tsayawa ce ta yi amfani wata safiya cikin hunturu. An tarar da wani magidanci ya rasu a ɗakin amaryarsa, kafin in iso kuma magana ta riga ta zaga unguwa cewa guba ta sa masa a tuwo. Na same ta a tsakar gida tana amai, ta dafe kai da hannu biyu, babu mai kallonta da rahama. A ɗakin na ga an toshe taga da tsumma saboda sanyi, ga kaskon gawayi a gefen gado tokarsa da sauran ɗumi, faratan mamacin kuma sun yi wani irin ja. Iskar da gawayi ke fitarwa a rufaffen ɗaki ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barci, kamar dai hayaƙin janareta.

Wahalar ita ce shawo kan mahaifin mamacin ya yarda likita ya binciki gawar. Ya ce mini, "Yaro, Annabi ya umarce mu da gaggauta jana'iza, ba za a yanka mini ɗa ba." Ban ambaci doka ba tukuna, ko da yake tana gefena. Na durƙusa na ce, "Baba, gaskiyarka ne, amma idan aka rufe shi yanzu, yarinyar nan za ta mutu da sunan mai kisan kai." Liman ya sa baki, ya bayyana cewa malamai sun halatta binciken gawa idan ana neman gaskiya a kan zargin kisa, kamar yadda Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya ta yi fatawa a 1976. Na yi alkawarin ba zan bar gawar ta kwana a mutuware ba, na bi majistare da fom har gida, na tsaya a kan likita har ya gama. Rahotonsa ya nuna iskar gawayi ce, ita ma amaryar da kyar ta tsira saboda ta kwanta kusa da ƙofa.

Na sake tuna wannan rana a 2023, lokacin da aka binne mawaƙi Mohbad washegarin rasuwarsa a Legas, aka tono shi bayan fiye da mako guda, daga baya likita ya shaida wa kotun binciken mutuwa cewa gawar ta lalace har ba a iya gano sanadin ba. Namu magidancin an sallace shi bayan la'asar a ranar da ya rasu, amaryar ta yi takabarta a ɗakinta, mahaifinsa kuma da kansa ya sa aka fitar da kaskon gawayi daga kowane ɗaki na gidan.