Abin da fashewa ke yi wa farantin ƙarfe mara kauri

Sana'ata ƙera ƙofofi da tagogin ƙarfe ce, kuma tun da shagunan sayar da iskar gas suka yawaita a unguwanni, ana yawan kawo wa ƙaramin kamfanina ƙofofin da fashewar tukunyar gas ta lalata, ko kuma a nemi mu ƙera sababbi da za su iya jure irin wannan masifa. Kusan duk wanda ya zo buƙatarsa ɗaya ce, wato a ƙara masa kaurin faranti. Ni kuwa firam da walda nake fara dubawa.

Bugun fashewa yakan zo ya wuce tun kafin a ƙifta ido, amma faranti yakan ci gaba da tafiya da ƙarfin da ya ɗauka, sai gefunansa sun riƙe shi sannan ya tsaya. Da farko lanƙwasa yake yi, to amma da zarar lotsawar ta zarce kaurinsa sai ya koma miƙewa kamar fatar ganga, yana jan duk abin da aka ɗaure shi da shi zuwa ciki. Idan ka kwantar da irin wannan ƙofa a ƙasa ka duba da kyau, za ka ga layuka huɗu sun taso daga kusurwoyi sun nufi tsakiya, fenti ya tsattsage a kansu, tsakiyar dogayen gefunan ta janye ciki, ramukan kusoshi kuma sun miƙe sun yi tsawo. Dab da layin walda, inda zafi ya riga ya sauya yanayin ƙarfen, a nan ake samun wurin da ya sirance yana shirin yagewa.

Masana sun daɗe da tantance wannan. A 1973 wasu masu bincike biyu, Menkes da Opat, suka gwada bugun fashewa a kan sandunan alminiyam da aka ɗaure ta gefe biyu, suka raba lalacewar gida uku: babbar lotsawa ba tare da yagewa ba, yagewa a wurin ɗauri saboda ja, da kuma gutsirewa a gefe idan bugun ya yi tsanani matuƙa. Daga baya Farfesa Gerald Nurick da abokan aikinsa na Jami'ar Cape Town a Afirka ta Kudu suka nuna cewa faranti ma haka yake yi. Kashin farko, wato lotsawa ba tare da yagewa ba, shi ne wanda nake nema wa abokan cinikina, domin ƙofar da ta lotsa ta tsaya a mazauninta ta shanye bugun, ita kuwa wadda ta ɓalle daga bango tana iya hallaka wanda ke wucewa, kuma gwargwadon kaurinta gwargwadon nauyin da za ta faɗa wa mutum da shi.

Shi ya sa nake zaɓar ƙarfe mai laushi wanda ke miƙewa kafin ya tsage, na hana yarana yin waldar ɗigo-ɗigo a irin wannan aiki, sannan na dage a kafe firam cikin kankare da rodi, ko da mai aikin zai yi ƙorafin kuɗi. Idan kuwa ɗakin ajiyar gas ne, nakan ba da shawarar a bar masa rufin kwano mara nauyi da hanyoyin iska daga ƙasa, tunda gas ɗin girki ya fi iska nauyi, don kada ya taru, in kuma ƙaddara ta faɗa matsin ya sami hanyar fita ta sama maimakon ta ƙofar da ke fuskantar titi.