Wannan "borrow me" da muke ta faɗa

Jiya bayan isha'i ƙanina da ke shirin zana WAEC ya kawo min wata wasiƙa ta gwaji da ya rubuta wai in duba masa, zuwa ga kawu ce yana neman kuɗin littattafai, ina cikin karantawa sai na ci karo da "Please uncle, borrow me ten thousand naira". Na sa biro na ja layi a ƙasan kalmar. Sai ya ce, "Haba Yaya, ai kowa haka yake faɗa, har malaminmu."

Kuma gaskiya ya faɗa, a kasuwa, a aji, a cikin a-daidaita, ko'ina za ka ji "borrow me your charger", a Fijin ma daidai ne babu mai ce maka uffan. Amma a takardar jarabawa mai maki zai zagaye ta da jan biro ne kawai.

Ni abin da ke damuna shi ne yadda ake yi wa yara dariya a kan wannan kamar rashin kai ne, alhali tsarin Hausarmu a nan daban yake da na Turanci. Mu kalma ɗaya muke juyawa, ka ce "ara min biro", ka kuma ce "na ari biro". Haka "ranta min dubu biyar" da "na ranci dubu biyar". Ƙarshen kalmar ne kawai ke nuna wa ya bayar wa ya karɓa. Shi kuwa Turanci sai ya raba su gida biyu, borrow na mai karɓa ne, lend na mai bayarwa. To in ka ce wa kawu "borrow me" ka mai da shi mai karɓa ke nan bayan shi ne zai zaro kuɗin daga aljihu.

Na ɗauki wayata na miƙa masa na ce, yanzu wa ya yi borrow? Ya ce shi. Wa ya yi lend? Ya ce ni. Shi ke nan fa. Sai ka ce "Can I borrow your phone?" ko "Can you lend me your phone?", duka daidai ne. Borrow da from take tafiya, "I borrowed it from Yaya", in an wuce kuma lend ta koma lent, ba lended ba, nan ma da yawa suna zamewa.

Wani abin da ya burge ni, a wani gefen mu muka fi masu Turanci rarrabewa. Bahaushe ya san aro daban rance daban, tabarmar biki ko tsani aro ne, shi ɗin dai za ka mayar, amma kuɗi ko kwanon masara rance ne, madadinsa za ka biya. Su duk borrow ce.

Kafin ya tafi kwanciya ya sake rubuta layin da kansa, "Could you please lend me ten thousand naira?", ya kuma ce da safe zai nuna wa abokansa biyu da suke karatu tare.