Titin Galip Dede, inda ake yi wa jita ƙarin murya

Rakiyar yayana ce ta kai ni Istanbul. Yayana ke zuwa saro abayoyi da takalman yara a unguwar Laleli, ni kuwa nawa riƙe lissafi da jan jaka. Da muka sallami masu kargo sai na ce, "Yaya, yau kam a ba ni hutu, akwai titin da nake son gani." Ya ce in tafi, amma kada in dawo masa da tarkace.

Na hau jirgin ƙasan cikin gari, muka haye gadar Galata, na sauka a Karakoy, na shiga ɗan jirgin ƙarƙashin ƙasa da suke kira Tunel, wanda ke aiki tun 1875. A kan tudu yake ajiye mutum. Daga nan titin Galip Dede ya gangaro har hasumiyar Galata, hagu da dama shagunan kayan kiɗa ne.

Ina kaɗa jita tun ina sakandare, kuma akwai abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. In na zauna da mai goge ina bin sa, sai wani sautin nasa ya faɗo tsakanin ƙarafa biyu na wuyan jitata: in na danna nan ya yi ƙasa, in na matsa gaba ya yi sama. Jitar Bature ta raba zangon sauti, wato daga sauti zuwa inda ya maimaita kansa a sama, gida 12 daidai wa daida, goge kuwa ba shi da ƙarfe ko ɗaya, duk inda yatsa ya sauka nan ne wurinsa. Turkawa ma wannan matsalar suka tarar, domin a ƙa'idar kiɗansu cikakken taki ɗaya, wato gida biyu na jita, kashi 9 suke raba shi. Duk mai sauraron ƙira'a ya san irin sautukan nan, su ne a cikin salon rerawa na Bayati da Saba. Ladanansu da Saba suka saba kiran asuba, magariba kuma da Segah.

Shagon farko bai yi min daɗi ba. Ina kai hannu kan wani ud, molon nan na Larabawa mai ƙaton ciki, mai shagon ya daka min tsawa, ya nuna min takardar kuɗi da Yuro, ya koma kan wayarsa. A kasuwar Kurmi ko ba ka sayi komai ba ai za a ce maka sannu da zuwa. Na fita.

Can ƙasa kaɗan na leƙa wani lungu, na ga dattijo zaune cikin ƙurar katako yana ɗaura wa wuyan baglama zare. Na yi sallama, ya amsa da fara'a, ya turo min kujera da ƙafa, kafin in zauna yaronsa ya kawo shayi a ɗan kofin gilashi. Usta kowa ke ce masa, ni ma na bi sahu. Yaron ne tafintanmu, da Turancinsa kaɗan da nawa kaɗan.

Baglama molonsu ne mai dogon wuya, tsirkiya 7 a rukuni uku. Matakanta ba ƙarfe ba ne, zaren roba ne irin na masunta ake naɗawa a wuyan, don haka da babban yatsa za ka tura shi gaba ko baya har sautin ya zauna inda kunnenka ke so. Ya sauko min da jumbush, mai ciki na alminiyam kamar tukunya an rufe bakinta da fata, wanda Zeynel Abidin ya ƙirƙiro wajen 1930, Ataturk ya raɗa masa suna. Nan take na tuna kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos na gwangwanin kifi. Sai kanun, mai tsirkiya fiye da 70, da ƙananan makullai a gefe da makaɗi ke ɗagawa yana kwantarwa ana tsakiyar kiɗa.

Da na faɗa masa damuwata da goge sai ya yi dariya, ya shiga ciki ya fito da jita biyu. Ta farko an cire mata ƙarafan gaba ɗaya, an cike ramukan da katako, an goge wuyan ya yi sumul. Erkan Ogur ne ya buɗe wannan hanya a 1976. Daɗinta ba a magana, sai dai sautin ba ya daɗewa, kuma haɗa tsirkiya uku ko huɗu su fito daidai aiki ne ja. Ta biyun an tsaga mata sababbin ramuka da siririn zarto, an dasa ƙarin ƙarafa tsakanin na asali. Ya ce wanda ke tsoron zarto yana iya manna gutsuren ƙarfe a ƙarƙashin tsirkiya ɗaya ya gwada tukuna. Ya kuma nuna min a waya jitar Tolgahan Cogulu, malami a Jami'ar Fasaha ta Istanbul, wanda a 2008 ya tsara wuya mai hanya a ƙarƙashin kowace tsirkiya, ƙarafan suna zamewa ciki. Ita ta zo ta ɗaya a gasar Guthman ta sababbin kayan kiɗa a Amurka a 2014.

Abin da ya burge ni shi ne mutanen nan ba su yarda jita ta gyara musu kiɗa ba, su suka gyara jita. Mu kuwa a situdiyon Kano sai a sa mawaƙi ya daidaita muryarsa da fiyano, lanƙwasar da ya gada ta bi ruwa. Wannan yana min ciwo ƙwarai.

Na rera masa wani kiɗan goge da baka, ya bi ni da baglama yana tura zare har muka haɗu. Wata ƙaramar baglama na taya. Ya faɗi kuɗi da lira, na yi ciniki irin namu, ya rage kusan kashi ɗaya cikin huɗu, ya ƙara min tsirkiyoyi da ƙullin gutsattsarin ƙarfe kyauta. Kuɗin shayi kuwa har ransa ya so ɓaci da na ciro.

Washegari muka tsallaka Uskudar a jirgin ruwa, abinci ya fi araha nesa ba kusa ba. Yaya ya ga baglamar, ya girgiza kai, bai ce uffan ba. A filin jirgi wata ma'aikaciya ta dage sai an sa ta cikin kaya, da ƙyar aka bar ni na rungumo ta. Ranar Asabar zan kai tsohuwar jitata wurin mai gogen nan, ya riƙa ja ina sa alama da alli a wuyanta.