Daren da Jirgin Kakana Ya Juya wa Gaɓa Baya

A ƙauyenmu da ke bakin kogin Haɗeja, duk yaron da ya taɓa shiga kwalekwale ya san cewa idan hadari ya haɗo daga gabas, gaɓa ake nufa tun kafin iska ta iso. Da wannan sanin kakana, Allah ya jiƙansa, ya tafi aikin Hajji ta ƙasa, 'yan shekaru kafin samun 'yancin kai a 1960, kuma shi ne ya kusa haɗa shi faɗa da matuƙin jirgi a Bahar Maliya.

Ya bi hanyar da dubban alhazan ƙasar Hausa suka bi, ta Maiduguri da Fotlami, wadda yanzu ake kira Njamena, da Abeche da Alfashir, har zuwa gonakin Jazira a Sudan, inda ya yi shekara biyu yana tsinkar auduga don tara guzuri. Daga nan ya gangara Sawakin, tashar jiragen ruwa a bakin Bahar Maliya. Masu hali sun shiga jirgi mai inji, shi kuwa da ire-irensa sai sambuk, wato jirgin katako na Larabawa wanda iska ke turawa ta hanyar wani babban ƙyalle. Tsakanin Sawakin da Jidda kimanin kilomita 300 ne.

Da yammacin wata rana, bayan sun fara hango duwatsun Hijaz can nesa, iskar arewa ta ƙara ƙarfi, raƙuman ruwa suka fara ɗaga jirgin suna sakinsa kamar ana sheƙar gero. Nan da nan ma'aikatan jirgin suka sauke babban ƙyallen suka ɗaura ƙarami, domin ƙyalle mai faɗi a irin wannan iska yana iya kifar da jirgi ko ya karya itacen da ke riƙe da shi. Aka umarci kowa ya zauna a ƙasan jirgin don kada nauyi ya karkata gefe ɗaya, aka sa maza kwarfar ruwa. Kakana da ƙwaryar da yake shan fura ya yi tasa kwarfar, ruwan gishiri yana ta cin tsagar da ke tafin hannunsa, mata kuma suna ta maimaita addu'ar Annabi Yunusa.

Ana cikin haka sai kakana ya lura matuƙin ya juya wa ƙasa baya, ya koma cikin teku. Ya miƙe yana daka masa tsawa da Hausa, har wani dattijo Bakano mai jin Larabci ya jawo rigarsa ya ce, "Malam, zauna! Wannan ba kogin garinku ba ne, a nan gaɓar ce ke kisa." Gaskiyar dattijon ce, domin gaɓoɓin Bahar Maliya cike suke da duwatsun murjani da ke ɓoye a ƙarƙashin ruwa. Da rana matuƙi yana gane su ta sauyin launin ruwa, amma da dare ba ya ganin komai, kuma jirgin katakon da igiyar ruwa ta maka a kansu farfashewa yake yi. Na daɗe ina jinjina wa matuƙin nan, wanda ya san dukan fasinjojinsa suna ganin ya haukace, amma bai saki akalar jirgin ba, yana ta karkata shi don kada igiyar ruwa ta buge shi a haƙarƙari.

Iskar ba ta lafa ba sai bayan asuba, kuma sai da rana ta yi sama sosai matuƙin ya yarda ya ratsa tsakanin duwatsun, wani yaro yana tsaye a goshin jirgin yana nuna masa hanya da hannu. Kakana yakan ce mini, "Kai ɗan nan, kwana uku na yi a Jidda ƙasa tana rawa da ni." Ƙwaryar ta dawo gida tare da shi, an ɗinke ta a wuri biyu, tana nan rataye a ɗakin kakata.