Daren da Fiyano Ya Tona Mini Asiri a Sheffield

Tun da na zo Ingila a ƙarshen shekarar 2022 na gamu da abubuwa da dama da suka sosa mini rai, kama daga sanyin da yake ratsa ƙashi har zuwa duhun da yake rufe gari tun wajen ƙarfe huɗu na yamma a watan Disamba, amma babu wanda yake hana ni barci kamar abin da ya faru da ni a daren wata Asabar cikin watan Nuwamba na 2024, a gaban mutanen da suka cika wani zauren taro na unguwa a birnin Sheffield. Na daɗe ina juya maganar a zuciyata, domin a nan ba ni da wanda zan faɗa wa ya fahimci nauyinta, a gida kuma faɗinta yana buƙatar in fara bayyana wani abin da na shafe shekaru ina ɓoyewa.

Aikina shi ne kula da tsofaffi a wani gida da ake ajiye su, kuma a falon gidan akwai tsohon fiyano na katako wanda ba kasafai ake taɓa shi ba. Wata rana da yamma, bayan an gama hidima, na zauna na ɗan taɓa shi a hankali, sai na ji wata dattijuwa wadda ba ta iya tuna sunan 'yarta ta kama waƙar tana rerawa, baiti bayan baiti, ba tare da ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Wata ma'aikaciyar jinya da muke aiki tare ta tsaya a bakin ƙofa har na gama, sannan ta ce mini suna da wata 'yar ƙungiya da take neman mai fiyano. Ba su da waƙar kansu ko ɗaya. Waƙoƙin da suka yi tashe daga shekarun 1960 zuwa na 1980 suke maimaitawa a wuraren biki da taron unguwa, kuma kowannensu yana da sana'ar da yake ci da ita. Ita ce mawaƙiyar. Mai ganguna dattijo ne da ya yi ritaya daga masana'antar ƙarfe, mai jitar bes direban bas ne, mai ɗaya jitar kuma malamin makaranta ne. Daren kowace Talata muke haɗuwa a garejin mai ganguna mu yi atisaye na awa biyu, ni kuwa ina rungumo fiyanona ƙirar Yamaha mai maɓallai 61 a cikin bas, in hau tudun unguwarsu da ƙafa ina haki.

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin samun wannan gurbi fiye da yadda zan iya kwatantawa. Sheffield gari ne da mai fiyano yake da kima a cikinsa, domin a nan aka kafa ƙungiyar The Human League a 1977, wadda ta gina kiɗanta a kan fiyanon lantarki har waƙarta ta hau matsayi na ɗaya a ƙasar a lokacin Kirsimetin 1981, kuma mutanen garin suna alfahari da hakan har yau. Abokan kiɗan nawa sun yi mamakin yadda na san waƙoƙin nan tun daga farkonsu har ƙarshe, har da ƙananan kalmasa da mutane ba sa lura da su, alhali ban taɓa karanta rubutun kiɗa ba. Idan mai jita ya ce a gwada wata waƙa, sau ɗaya nake saurarenta in kama. Ranar da mai ganguna ya dafa kafaɗata ya ce shekara da shekaru ba su samu mai kunne irin nawa ba, na dawo ɗakina ina jin cewa a karon farko wani a ƙasar nan ya dube ni ya ga abin da ya wuce baƙon da ya zo neman abinci.

Abin da ba su sani ba shi ne, a ki ɗaya kawai na iya kiɗa. A jikin fiyano sautuka goma sha biyu ne suke maimaita kansu, bakwai farare, biyar baƙaƙe, kuma kowace waƙa tana da mazauninta a cikinsu, wanda shi ake kira ki. Ni kuwa fararen kaɗai yatsuna suka saba da su, wato ki na C. Akwai wani ɗan maɓalli a gefen allon na'urar da aka rubuta Transpose a kansa, wanda idan ka danna shi sau ɗaya yakan ɗaga sautin fiyanon gaba ɗaya ko ya sauke shi da rabin mataki, ta yadda yatsunka suna inda suka saba amma abin da yake fita daga sifika yana wani ki dabam. Da wannan maɓallin na yi kusan shekara guda ina tafiya tare da su. A gefen takardar jerin waƙoƙinmu nakan rubuta 'yan lambobi da fensir, wannan a sauke da biyu, waccan a ɗaga da huɗu, kuma da zarar an gama waƙa nakan kai hannun hagu in gyara kafin kowa ya lura.

A daren da nake magana a kai, bikin cikar wata mata shekara 60 ake yi, kuma 'ya'yanta sun roƙe mu tun da wuri cewa lallai mu yi mata Dancing Queen ta ƙungiyar ABBA, wadda ta fito a 1976 lokacin matar tana 'yar shekara 12. Turawan nan suna ɗaukar ABBA tamkar tasu, duk da cewa 'yan Suwidin ne, wataƙila saboda a garin Brighton suka ci gasar waƙa ta ƙasashen Turai, wato Eurovision, a 1974. Waƙar a ki na A take, kuma fiyano ne yake buɗe ta shi kaɗai da jan yatsu a kan maɓallai kafin sauran kayan kiɗa su faɗo tare. Lambar da nake buƙata ita ce saukewa da uku. Waƙar da muka gama kafin ita kuwa da biyu na sauke ta. A daidai lokacin da ya kamata in kai hannu in gyara, sai aka kashe fitilun zauren domin a shigo da kyandirori, jama'a suka miƙe suna tafi, aka jawo mai bikin zuwa tsakiyar fili, mai ganguna ya buga sandunansa sau huɗu, ni kuma na ja yatsuna da dukkan ƙarfin zuciyata.

Duk wanda ya san kiɗa ya san cewa tazarar rabin mataki ta fi kowace tazara ciwo a kunne. Da a ce na yi nisa sosai da su, da an ɗauka wata kalmasa ce. Amma ina dab da su, ina gogar sautinsu kamar ana kankare tukunya da cokali. Mawaƙiyar ta bi fiyano saboda shi ta saba bi, jitocin biyu suka tsaya a inda waƙar take, sai zauren ya cika da wani sauti mai tayar da tsigar jiki. Na ga mai bikin ta tsaya da hannuwanta a sama tana waige. Gumi ya karyo mini a cikin wannan sanyi. Na kai hannu a cikin duhu in gyara, sai na danna ɓangaren da yake ɗagawa maimakon wanda yake saukewa, lambar da take kan allo ta koma ɗaya, abin ya ƙara dagulewa. Mai ganguna ne ya fara tsayawa, sauran suka biyo shi ɗaya bayan ɗaya, har aka bar ni ni kaɗai na ƙara buga sauti biyu ko uku a cikin shirun kafin hannuwana su saki. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Mun sake farawa, an yi rawa, an tashi lafiya. Muna naɗe wayoyi mai jita ya matso ya dubi allon fiyanona, ya ga takardata da lambobinta na fensir, sannan ya tambaye ni cikin sanyin murya ko dama duk waƙoƙin a ki ɗaya nake buga su. Na ce haka ne. Ya gyaɗa kai, ya ce ba komai, ya ɗauki jakarsa. Kowa a daren nan sai da ya ce mini ba komai: mawaƙiyar, da direban bas, da ɗan mai bikin da ya zo ya yi mana godiya. Wannan "ba komai" ita ce ta fi damuna, kuma har yanzu ban gama sabawa da ita ba, domin ban san ko a zuci take ba ko a fatar baki. Da a gida ne da wani ya yi mini tas a take, wani ya yi mini dariya har da riƙe ciki, in ji haushi, washegari kuma magana ta wuce. A nan kuwa an bar ni da kayana, na ɗauko su a kafaɗa tare da fiyanon na tsaya a tashar bas ni kaɗai wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare.

A cikin bas ɗin, maimakon in yi tunanin mutanen zauren, Baba ne ya yi ta faɗo mini a rai. Baba bai taɓa ɗaga mana hannu a kan kiɗa ba. Magana ɗaya ya yi, ranar da ya ji sauti yana fitowa daga ɗakin samari, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce a zuriyarmu babu makaɗi, kuma ba daga kansa za a fara ba. Yayana ne yake aro wani ƙaramin fiyano daga wurin abokinsa, ya shigo da shi a naɗe cikin bargo, mu rage sautin har sai mun kara kunne, ya koya mini a ɗan tsakanin da Baba yake fita. Kaset-kaset ɗinsa na waƙoƙin Turawa kuwa a ƙarƙashin katifa suke kwana, kuma daga cikinsu na haddace duk abin da abokan kiɗana suke mamakin na sani. Shi Yaya ya bar kiɗa tun da ya yi aure. Ni na taho da shi har ƙetaren teku, kuma idan Baba ya tambaye ni a waya abin da nake yi idan na tashi daga aiki, nakan ce hutawa nake yi.

Washegari na kira Yaya na kwashe labarin duka na faɗa masa. Na yi zaton zai yi dariya, sai na ji ya yi shiru, can ya ce, "Auta, ka yafe mini, laifina ne. Ni ma iyakar abin da na iya ke nan. Da wane lokaci za mu koyi baƙaƙen, muna kiɗa kunnenmu ɗaya yana bakin ƙofa?" Na ce, "Haba Yaya, ai ba don ku ba da ko fararen ban sani ba." Muka ɗauki fiye da awa guda muna hira, ya tuna mini da ranar da batir ya ƙare muna tsakiyar waƙa, da yadda Umma takan yi gyaran murya a tsakar gida idan ta ji sallamar Baba domin mu yi sauri mu ɓoye kayan. Ban taɓa sanin da gangan take yi ba sai ranar. Da na ajiye wayar na zauna a bakin gado na yi kukan da ban yi ba ranar da na baro su.

Ranar Talatar da ta biyo baya na yi niyyar ƙin zuwa atisaye, amma na daure na je. Mai ganguna ya jira har sauran suka fita shan iska, sannan ya sa mini waƙar Superstition ta makahon mawaƙin nan Stevie Wonder, wadda ta fito a 1972, ya ce in saurari abin da ake yi da fiyanon nan da ake kira Clavinet, domin kusan duk a kan baƙaƙen maɓallai aka gina kiɗan, kuma wanda ya buga shi bai taɓa ganin launinsu ba. Bai ƙara ko kalma ɗaya a kai ba. A daren na samo salatif na liƙe maɓallin Transpose ɗin nan, na fara koyon ki na A daga tushe, da baƙaƙensa uku, ina sanye da abin sauraro a kunne don kada in dami maƙwabta. Yatsun mutumin da ya haura shekara talatin ba sa karɓar sabon abu da sauƙi, kuma akwai dararen da na tashi daga aikin awa goma sha biyu na zauna ina maimaita layi ɗaya har idona ya rufe. Yanzu ina iya buga ki biyar ba tare da taimakon na'ura ba, sauran kuma ina kan hanya. Mai jita bai sake tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba, ko da yake ranar da muka sake yin waƙar ABBA ɗin nan a wani biki na lura ya saci kallon allon fiyanona, ya ga babu lamba a kai.

Mawaƙiyar ta ɗauki bidiyon wannan rana da wayarta, na tura wa Yaya. Ya nuna wa Umma, ta kalla sau biyu, ta tambaya ko dattijon da yake bayana da ganguna mutumin kirki ne, kuma ko ina cin abinci sosai, don ta ga na rame. Na tambayi Yaya ko Baba ya gani. Ya ce tukuna, Umma ta ce a bar mata wannan, ita ta san ranar da za ta nuna masa. Ya ce shi dai yakan shiga motarsa a ƙofar gida ya rufe gilashi ya kunna bidiyon, ya rage sautin sosai, saboda da yamma Baba a zaure yake zama.